Me ya sa sai zai tafi Makka ake yi wa tsoho rigakafi?

A Katsina mutum uku ne ake yi wa allurar rigakafi ba wanda ya ga abin mamaki: jariri, da mai juna biyu, da maniyyaci. Biyun farko hukuma ce ke bin su, wani lokaci har cikin gida. Na ukun shi ke bin allurar da ƙafarsa, don in babu tambarinta a katinsa ba zai taka jirgi ba. In ka cire waɗannan, da wuya ka ga dattijo ɗan shekara 65 ko 70 ya tashi takanas, lafiyarsa ƙalau, ya tafi asibiti ya ce a yi masa allura. Ko 'ya'yansa ne suka kawo maganar, amsar ba ta wuce, "Ni jariri ne?"

Wanda ya taɓa raka iyayensa wajen allurar maniyyata ya san yadda wurin yake. Tsofaffi jere a kan benci, kowa da 'yan takardunsa a leda, malamar asibiti na zaune da akwatin ƙanƙara a gefenta. Ta ce, "Baba, a ɗan naɗe hannun riga." Ya naɗe, sai ga wani tsohon tabo zagayayye a damtsensa. Ya ce, "'Yata, a hankali dai. Rabona da irin wannan tun lambar da aka yi mana zamanin Gowon." Kuma ba ƙari ya yi ba. Tabon na rigakafin agana ne, wanda aka bi ƙauyuka da kasuwanni ana yi daga 1967, har cutar ta ƙare a Najeriya a 1970, aka kuma shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Tsakanin waccan lamba da wannan allura an haura shekara 50, kuma a duk tsawon lokacin ba wanda ya taɓa tambayarsa ko akwai wani rigakafin da ya kamata ya yi.

Allurar da ake yi masa ranar ta sanƙarau ce. Saudiyya ta wajabta ta bayan cutar ta ɓarke a aikin Hajjin 1987, sannan ta ƙara tsaurarawa bayan wani nau'in dabam ya bi alhazai zuwa ƙasashensu a 2000 da 2001. Tun daga nan sai mai kare nau'i huɗu ake karɓa, a kuma yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Mu 'yan Najeriya ana haɗa mana da shaidar rigakafin cutar shawara da na shan inna. Abin lura shi ne ba ka jin maniyyaci yana gardama. An faɗa masa dalili, an faɗa masa wuri da rana, kuma waɗanda suka faɗa ɗin ya yarda da su. Don haka maganar da ake yawan yi cewa tsofaffinmu ba sa son allura, rabinta ce gaskiya. Ɗaya rabin shi ne ba a taɓa yi musu tayi ba.

Tsarin rigakafinmu tun asali don yara aka gina shi, kuma da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rigakafin yara a 1974, Najeriya ta shiga a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ƙyanda da tarin shiƙa ke kwashe yara gida-gida. Har yau kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su wuce shekara 18 ba, waɗanda suka kai 60 kuwa wajen kashi 5 cikin 100 ne. Tallafin da ke zuwa daga waje, musamman ta ƙungiyar Gavi, mafi yawansa na yara ne. Duk mai rabon kuɗi kaɗan da yara zai fara, ni ma da su zan fara. Sai dai kashi 5 na mutum fiye da miliyan 200 ya kai miliyan 10. Sannan akwai abin da ba a cika lissafawa ba: duk wanda ya haura 50 a yau an haife shi ne kafin shirin ya kankama, ke nan yawancinsu ba su taɓa samun alluran yarinta ba balle a yi zancen sabuntawa. A Ingila ko Amurka ana maganar ƙara wa tsoho a kan abin da aka yi masa yana yaro. A nan sau da yawa daga farko za a fara.

To me tsufa ke yi wa garkuwar jiki? A bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar tsoka, taimos, wadda a cikinta ake horar da wani rukuni na ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Tun daga balaga take fara motsewa, kafin mutum ya tsufa yawancinta ya koma kitse. Sai jikin ya zama kamar fadar da aka daina ɗaukar sababbin dogarai. Tsofaffin da ke bakin ƙofa sun san duk fuskar da suka taɓa kora, amma in baƙuwar fuska ta zo sai ta kai tsakar gida kafin a farga, kuma wasu cikinsu ma sun fara gyangyaɗi. Abu biyu ke biyo baya. Cutar da za ta kwantar da saurayi kwana uku tana iya kai tsoho asibiti. Sannan ita kanta allurar ba ta kama jikin tsoho yadda take kama na yaro. Shi ya sa aka yi wasu musamman don masu shekaru: ta murar da ake yi wa 'yan 65 zuwa sama a wasu ƙasashe ta ninka ta sauran mutane sau huɗu a ƙarfi, wasu kuma ana zuba musu sinadarin da ke zaburar da garkuwa. In kuma ga ciwon suga, ko na zuciya, ko ƙoda, ko asma, raunin ya ƙaru.

Inda abin ya fi yi mana ɓarna, a ganina, ƙirji ne. Kowa ya san yadda sanarwar rasuwa ke zuwa da hunturu: wane ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. In ka je gaisuwa ka saurari 'yan gida, labarin kusan iri ɗaya ne. Mura ce ta fara, sai tari, sai ya daina cin abinci, sai ya fara magana ba kan gado, aka ce ruɗewar tsufa ce, kwana biyar ko shida aka yi masa sutura. Ba a ce duk nimoniya ce ba, amma haka nimoniyar tsoho take zuwa. Sau da yawa ba ta zo da zazzaɓi mai zafi, sai dai numfashi sama-sama, da kasala, da ruɗewa. Da yake mafi yawan mace-macenmu a gida suke faruwa, a binne a ranar, ba rajista ba bayanin dalili, ba ta shiga lissafin kowa. Abin da bai shiga lissafi ba kuwa ba ya shiga kasafi.

Ƙwayar bakteriyar da ta fi jawo nimoniya tana da nau'i fiye da 90. Akwai tsohuwar allura tun 1983 mai kare 23 daga ciki, akwai kuma sababbi da suka fi daɗewa suna aiki a jiki, ciki har da mai nau'i 20 da ta fito a 2021. Ingila na yi wa duk wanda ya kai 65, Amurka ta sauko da shekarun zuwa 50 a 2024. Yawanci sau ɗaya ake yi, ba kowace shekara ba. Ba ta hana kowace irin nimoniya, amma tana rage mafi munin, wadda ƙwayar ke shiga jini ko ƙwaƙwalwa.

Ta mura dabam take. Ba murar yoyon hanci ake nufi ba, ana nufin mai tsananin nan, infuluwenza, mai zuwa da ciwon gaɓɓai da zazzaɓi ta kayar da mutum lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2018 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkawa kusan sau shida a makon farko na kamuwa da ita, abin da ya kamata duk mai uba ko uwa da ke shan maganin hawan jini ya sani. Ƙwayar tana sauya kama kullum, don haka sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, masana ke zama su zaɓi nau'in da za a sa a allurar kakar da ke tafe. Dole a maimaita ta duk shekara, kuma ko a shekara mai kyau kariyarta ba ta cika wuce kashi 40 zuwa 60 ba. Wanda ya ce maka in ka yi ta ba za ka sake mura ba, ya yaudare ka. Aikinta shi ne rage yawan waɗanda murar za ta kai gadon asibiti. Ba ta cikin alluran da ake yi kyauta a asibitin unguwa, haka ma ta nimoniyar manya. Sai dai a nema a manyan asibitoci da na kuɗi, kuma ba kullum ake samu ba.

Akwai wata hanyar da ke kare tsoho ba tare da an taɓa damtsensa ba, ita ce jika. Ƙwayar nimoniya a hancin ƙananan yara take zama, sau da yawa ba ta yi musu komai, daga nan take tsallakawa ga manya. Dubi yadda gidajenmu suke. An yaye yaro an kai shi ɗakin kaka, a bayanta yake wuni, a shimfiɗarta yake kwana, da bakin zanenta take share masa majina tana tsokanarsa da "angona". Da Amurka ta fara yi wa jarirai wannan allura a 2000, sai aka ga ciwon ya ragu sosai har a cikin tsofaffin da ba a yi wa ba. Najeriya ta sa ta cikin jadawalin yara daga ƙarshen 2014, ana yi a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta. Amma wannan kariya ba ta samuwa sai yawancin yaran unguwa sun kammala, kuma Arewa maso Yamma na cikin inda aka fi samun waɗanda ba su kammala ba. Saboda haka kakar da ke hana a kai jikanta awo, tana cewa mu da aka haife mu ba allura ga mu nan, da kanta take wasa ba ta sani ba.

Yanzu ga wadda na fi ganin sakacinmu a kanta, domin tana nan, kuma ba ta da tsada: ta sarƙewar haƙora, wato tetanus. Ƙwayarta a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, tana shiga ta rauni. Ba a ɗaukar ta daga mutum, ke nan ko an yi wa duk garin rigakafi ba zai kare wanda ba a yi wa ba. Kuma ko mutum ya yi ciwon ya tashi, bai tsira daga sake kamuwa ba. To wa ya fi zama cikin haɗari? Dattijon da ke kai taki gona da bazara, ya yi huɗa da damina da silifas ko ƙafa ba takalmi, fartanya ta sare shi ko ƙaya ta soke shi, ya barbaɗa ƙasa ko toka ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da mai sugan da gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa. Mata da yawa sun samu wani abu a wajen awon ciki, inda ake yin allura har biyar a jere ga wadda ta kammala. Namiji ɗan shekara 60 kuwa bai samu ta yarinta ba, ba ya zuwa awo, babu wata ƙofa da aka buɗe masa.

Za a ce ai in mutum ya ji rauni ana yi masa allurar tetanus. Gaskiya ne, amma iri biyu ce, kuma mutane na haɗa su. Ɗaya kariya ce ta aro, tana aiki nan take, ta ƙare cikin 'yan makonni. Ɗayar ita ce rigakafin gaske, mai koya wa jiki ya yi tasa kariyar, kuma guda ɗaya ba ta isar wanda bai taɓa yi ba. Sai an yi ta farko, a yi ta biyu bayan mako 4, ta uku bayan wata 6, sannan a ƙara biyu shekara-shekara. Yawancinmu ta farkon muke yi ranar da ƙusa ta soke mu, mu tafi muna ganin an gama. Wadda ake amfani da ita yanzu haɗe take da ta mashaƙo, cutar da ta sake tasowa daga ƙarshen 2022, Katsina na cikin jihohin da ta fi taɓawa.

Sai ƙurajen nan masu zafi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki, su bi haƙarƙari ko goshi a jere ba su tsallaka ɗaya gefen ba, waɗanda wasu kan ɗauka fitsarin gizo-gizo ne, wasu su ce sammu. Ƙarambau ɗin da mutum ya yi yana yaro ne bai fita ba. Ƙwayar ta laɓe a jijiya shekaru aru-aru, da garkuwa ta yi rauni sai ta farka. A ƙididdigar Amurka mutum ɗaya cikin uku zai yi ta a rayuwarsa. Ƙurajen kan bushe cikin makonni, amma raɗaɗin yana iya zama watanni, har mutum ya kasa jure taɓin riga, in kuma a ido ta fito tana iya taɓa gani. Allurarta, Shingrix, ta fito a 2017, sau biyu ake yi, kariyarta ta haura kashi 90. Matsalar kuɗi: a Amurka kowace ɗaya wajen dala 200 ce, biyun sun fi albashin wata shida na mai karɓar naira 70,000. Ba zan ce wa ɗan fansho ya neme ta ba. Abin da zai amfane shi ya sani shi ne akwai ƙwayoyin magani da ke rage ƙarfin ciwon in an fara sha cikin kwana 3 da fitowar ƙurajen, don haka asibiti za a nufa, ba shafe-shafe ba. Haka ma sabuwar allurar RSV, wata ƙwayar cuta mai kama hanyar numfashi, da aka amince da ita a 2023 don 'yan 60 zuwa sama: tana da amfani, amma ba ita ce a gabanmu ba tukuna.

Sau ɗaya aka taɓa kiran tsofaffinmu da sunan tsufansu, lokacin korona. A jihar nan daga Daura ta fara, a Afrilun 2020, da rasuwar wani likita, aka kuma rufe garin. Alluran farko, kusan miliyan 4, sun iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021, ranar 6 ga wata marigayi Muhammadu Buhari, yana da shekara 78, ya naɗe hannun riga a gaban kyamara. Aka sa 'yan 50 zuwa sama a sahun gaba. Duk da haka mutane da yawa suka noƙe, saƙonnin murya na WhatsApp suka fi sanarwar rediyo tafiya. Ba na cikin masu kiran wannan jahilci kawai. Mutanen da suka ga abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, kusan rabinsu aka ba shi, ana tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, suna da dalilin tambaya. Trovan magani ne ba rigakafi ba, amma tabon da ya bari ya taimaka wajen dakatar da rigakafin shan inna a 2003, kuma sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba kafin a dawo hanya, har aka shelanta kawar da nau'in cutar na asali daga Afirka a 2020. Mai tambaya amsa yake buƙata, daga bakin wanda ya sani kuma ya yarda da shi.

Cikin amsar gaskiya har da cewa ba kowace allura ce ta dace da kowane tsoho ba. Ta cutar shawara da ƙwayar cuta mai rai ake yin ta, wadda aka raunana, kuma wanda ya haura 60 bai taɓa yi ba ya fi matashi haɗarin samun mummunar illa, ko da yake abin ba ya yawan faruwa. Shi ya sa likita ke auna buƙata kafin ya yi. Guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, wanda ke da katinsa ba sai ya maimaita ba. Gangamin rigakafin shawara da aka yi a Katsina a 2019 daga wata 9 zuwa shekara 44 ya tsaya, na sanƙarau kuma daga shekara 1 zuwa 29, domin a nan cutar ta fi ƙarfi. Tsohon da aka mayar a irin wannan layi ba wulaƙanta shi aka yi ba.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta dattijon da zai ce, "Ni na ci zamanina, kwana nawa ya rage? Ku yi wa yara." In ka ce masa allura za ta ƙara masa kwana, ka faɗi, domin ya fi ka sanin ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma ba mutuwa tsofaffinmu ke tsoro ba, kwanciya suke tsoro. A ce mutumin da ke tafiya masallaci da ƙafarsa ya koma sai an ɗaga an juya, surukarsa na wanke masa shimfiɗa, an sayar da shanun huɗa an biya iskar numfashi. Tsoho in ya yi mako biyu a kwance, tsokar ƙafarsa na zubewa, da yawa ba sa komawa yadda suke ko ciwon ya tafi. Da wannan harshen ya kamata ɗa ya je wa mahaifinsa: "Baba, ba don mu hana abin da Allah Ya rubuta ba ne, don kada ka sha wahalar jinya ne."

A ɓangaren hukuma, ba sai an gina sabon abu ba. Masu suga da hawan jini suna da ranakunsu a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da manyan asibitocin Daura da Funtuwa, kuma su ne daidai mutanen da suka fi buƙata. 'Yan fansho ana tara su tantancewa. Maniyyata suna zuwa da kansu duk shekara. In an ajiye ta tetanus a waɗannan wurare, aka ƙara tambaya ɗaya a katin mara lafiya, an fara. Ta nimoniya ga masu ciwon ƙirji da zuciya da suga ita ce ta biyu da ya kamata tsarin inshorar lafiya na jiha ya duba. Akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka yi dokarta a 2017, da ya dace a ji muryarta a wannan magana.

Kafin nan nauyin na kan 'ya'ya. Ranar da za a kai Baba ko Inna ganin likita, a tambaya kai tsaye wace allura ta dace da shekarunsu da ciwonsu. Hawan jini da suga ba sa hana rigakafi, su ne ma dalilin yin sa, amma mai zazzaɓi mai zafi a bari ya warware, wanda kuma ke shan maganin daji ko wani mai danne garkuwa a faɗa wa likita tun farko. Kada a sayi kwalba a kemis a sa a aljihu a kawo gida. Alluran nan tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su, zafin Katsina na lalata su, ta tetanus kuma in ta daskare ta tashi aiki, ga shi ido ba ya bambance mai kyau da matacciya. Bayan an yi a zauna kamar minti 15 zuwa 30 kafin a tafi. Damtse zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wani ya ji ɗan zazzaɓi, farasitamol ya isa. Ranar komawa ta biyu kuma a rubuta ta a bayan katin asibitin da yake zuwa da shi kowane wata, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya sa a wayarsa.